Yaren Finland a Ɗakin Masu Gadi

Aikin gadi a Doha aikin ƙafa ne. Wanda ya ce maka aikin ido ne bai taɓa tsayawa a bakin get tun safe har faɗuwar rana ba, cikin zafin da ke sa kwalta ta yi laushi. Ba a hana ka numfashi, ba a hana ka tunani, amma zama sai 'yan tsirarun da Allah ya tarfa wa garinsu nono, waɗanda ake ajiyewa a teburin karɓar baƙi cikin sanyin esi. Mu sauran ƙafa muka zo sayarwa, kuma kowa ya san ranar da tasa ta gaza, ranar za a yanka masa tikitin gida.

A ɗakinmu na Sanaiya, unguwar gareji da masaukan leburori, gadona na sama ne. Na ƙasa na wani dattijo ne da muke kira Malam. Asalinsa mutumin Damagaram ne, can ya yi boko da Faransanci, daga baya ya tsallako Kano ya yi shekaru yana koyar da Faransancin a wata makarantar kuɗi, har makarantar ta mutu ta bar shi da iyali. Ni Bakano ne, saboda haka tun ranar da aka haɗa mu ɗaki wasa ya shiga tsakaninmu. Yakan ce dubi irin jarrabawar da ta same shi, bawansa na kwana a samansa. Ni kuma in ce ai Badamagare a ƙasa ya kamata a ajiye shi, kada ya faɗo cikin barci a ce Hausawa ba su iya gado ba. Ya haife ni a shekaru, amma bai taɓa nuna mini hakan ba sai in zai aike ni.

Malam yana da ciwon suga, kuma ƙafafunsa sun fara kumbura tun kafin korona. In muka dawo daga aiki sai ya zauna a bakin gado ya danna ƙaurinsa da ɗan yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa, mu biyu mu zuba masa ido. Kamfani bai sani ba. In zai wuce gaban sufabaiza yakan miƙe ya taka kamar soja, sai ya sha kwana sannan ya dafa bango. Abin da yake nema a duniya ɗaya ne, a ba shi aikin zama kafin ƙafar ta tona masa asiri. Yana da 'yan mata a makaranta a gida, kuma ya sha faɗa mini cewa ba zai koma ya zauna a ƙofar gida suna wucewa suna gaishe shi da tausayi ba.

Da korona ta zo aka rufe layukanmu na Sanaiya, ba shiga ba fita. Mutane suka rarrabu, wasu karta, wasu fim a waya, wasu barci har bayansu ya yi ciwo. Ni ina cikin masu faɗa. A makonnin nan babu wanda ban yi cacar baki da shi ba, in ba a kan layin banɗaki ba to a kan wurin cajin waya. Malam kuwa zaman ya yi masa rana, kumburin ya sauka har ƙashin idon sawunsa ya fito. Sai ya tsiri wani abu. Bayan sallar asuba, in ya gama wuridinsa, sai ya yago gefen kwalin ruwan gora, ya kwafo wasu kalmomi daga waya da biro, ya jingina da bango yana rangaji yana maimaitawa, sak yadda ake hadda. Gadon ƙarfe ne, in ya yi rangaji a ƙasa ni ma sai na yi a sama.

Wata safiya na leƙo da kai na ce, "Malam, wannan wace sura ce? Ban taɓa jin ta ba."

Ya ce, "Kwanta, Bakano. Ba ta sayarwa ba ce, balle ka taya."

Sai da na dame shi kwana da kwanaki sannan ya ce yaren Finland ne. Ban san inda ƙasar take ba. Ya ce can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙanƙara ke rufe ƙofa. Kafin korona, a benen da yake gadi, wani injiniya baturen can yakan zo duba lif, na'urar hawa bene. Malam ya ji shi yana waya, ya kasa kunne da duk Faransancinsa bai tsinci ko kalma ɗaya ba. Ya tambaye shi, mutumin ya faɗa masa sunan yaren, ya ƙara da cewa su kansu ba su da yawa, kuma ba wanda ke wahalar da kansa ya koya. Malam ya riƙe wannan maganar. Shi ya laƙaba wa yaren suna Finlanci, duk ɗakin muka bi shi.

Da farko ya ɗauka abin zai zo da sauƙi. Yana ganin bature duk ɗaya ne, haruffa ɗaya, kuma da Faransancinsa ya saba leƙa Italiyanci da Sifaniyanci, don yakan ce gidaje uku ne masu gajeriyar katanga. Da ya buɗe Finlanci ya ga kalmomin da ya sani zube, sai ya yi murna, ya ce ashe wannan ma ɗan gida ne. Murnar ba ta kwana ba.

Ya miƙo mini kwalin ya ce, "Ka ga wannan? Pelle. A Faransanci shebur ne, wanda 'yan'uwanmu ke kwasar yashi da shi a can waje. A wurin mutanen nan kuwa ɗan kama ne, mai ba jama'a dariya. Ga laine. Ni na san shi ulu, na rigar sanyi. Su igiyar ruwa suke nufi."

Na ce, "To wa ya saci na wani?"

"Babu wanda ya sata. Ba su haɗa kaka ba. Haɗuwa ce kawai irin ta tasha."

Daga nan abin ya zama masa kamar nishaɗi. Duk wadda ya ci karo da ita sai ya tashe ni ya faɗa mini, ko na tambaya ko ban tambaya ba. Matto, mutumin Italiya ya ce mahaukaci, na Finland ya ce darduma. Pato, agwagwa ce a Sifaniyanci, madatsar ruwa ce a Finlanci. Pois, da ya yi shekaru yana koya wa yaran Kano cewa ɗan koren wake ne, can kuma cewa ake yi ka kau daga nan. Ya ce abin kamar ka hango ɗan'uwanka a kasuwa ne, ka dafa kafaɗarsa, ya juyo ka ga baƙo. Na ce ai Hausawa sun riga shi, kama da wane ba ta wane. Ya ce yau ɗaya dai Bakano ya yi magana ba ta ciniki ba.

Ni abin haushi yake ba ni. Mutum yana da ciwo, ya samu hutun da bai taɓa samu ba, maimakon ya yi barci ya zauna yana fasa kansa da yaren da ko 'yan'uwansa Turawa suka bar wa masu shi. Na ce masa tunda ya ga ba dangin Faransanci ba ne, ya haƙura mana. Ya ce, "Shi ya sa ma ba zan haƙura ba." Na tambaye shi me zai yi da shi, ya ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Irin mutanen nan ne da ba sa faɗin niyya kafin ta nuna, don tsoron baki. Ko tafiya zai yi, sai ka ga jaka a ƙofa.

Aka buɗe gari, muka koma tsayuwa da takunkumi a fuska. Kumburin ya dawo, ya kuma zo da ƙannensa, don yanzu har tafin ƙafar ba ya ji sosai. Haddar safe ba ta tsaya ba. Haka muka ci shekara guda da wani abu, ni ina rangajin dole a sama, shi yana jera kalmomi masu tsawo kamar jirgin ƙasa a ƙasa.

Asirin ya fito ne a ɗakin cin abinci. Lokacin ana wata gasar ƙwallo ta ƙasashen Turai, an cika gaban talabijin. Malam ba ya kallon ƙwallo. A wurinsa ƙarti ne da gajeren wando suna bin fata, kuma yakan ɗauki farantinsa ya juya wa talabijin baya. Ranar kuwa sai na gan shi tsaye a bayana, ya ƙura wa allon ido. 'Yan kallo ne aka nuno, da farar tuta mai shuɗin gicciye, tutar Finland, suna waƙa. Ya taɓa ni ya ce a hankali, "Ga baƙina nan."

A hanyar komawa ɗaki ya kwance mini jakar. Ya ce in gasar cin kofin duniya ta zo Doha za a buɗe tebura na taimakon baƙi, kowane yare da teburinsa, kuma mai tebur zama yake yi. Faransanci ba zai fisshe shi ba, don ga samarin Maroko da Tunisiya nan birjik, da Faransanci da Larabci da Turanci a baki ɗaya, ga ƙuruciya. Ya ce, "Kai Bakano ne. In ka shiga kasuwa ka tarar kowa ya kasa tumatir, me za ka kasa?" Na ce abin da babu. Ya ce to shi ke nan. Mutanen Finland za su sauko da jiragensu, a nemi mai jin yarensu a duk Sanaiya a rasa, sai shi. In ya zauna a teburin nan wata guda aka ga amfaninsa, ba za a sake mayar da shi get ba.

Ya ce ya san yadda taron duniya yake, don ya taɓa zuwa aikin Hajji yana saurayi, yana yi wa alhazan ƙasarsu tafinta. Ya ga kowace ƙasa da rabonta na kujeru, da tantunanta a Mina, da tutarta, babba da ƙarama ba a bar kowa ba. Ya kuma ga wani mutum mai jin wani yare da ba kowa ke ji ba, an ajiye shi a ofis ana kawo masa shayi, in an buƙace shi da mota ake zuwa ɗaukarsa. Tun ranar wannan hoton bai bar kansa ba.

Na tsaya a tsakiyar hanya na ce, "Malam, ba haka ake yi ba. Ba Hajji ba ne. Ba a raba wa ƙasashe wuri. Sai ƙasa ta buga wasanni ta ci sannan take zuwa, kuma waɗanda ba sa zuwa sun fi masu zuwa yawa nesa ba kusa ba."

Ya dube ni yana jiran in yi dariya, don ya ɗauka wasanmu ne na kullum. Da ya ga ban yi ba sai ya ce a kira masa shaida wanda ba Bakano ba. Muka samu direban bas ɗinmu, wani mutumin Zangon Kumasi da ya san ƙwallo fiye da yadda ya san hanyoyin Doha, yana wanke gilashin mota.

Direban ya ce, "Baba, gaskiya ya faɗa maka. Wol Kop sai kun yi kwalifai. In ba ku ci ba, kun zauna gida, khalas, shi ke nan. Ghana kanshi ma ba mu sani ba tukuna."

Malam ya ce, "Taron duniya, a ce wata ƙasa ba ta da wuri?"

"Haka ya ke, Baba."

Ni kuma zuciyata tafasa take yi. Shekara guda da rabi Malam yana wannan wahala a ƙarƙashina, da ya buɗe baki sau ɗaya da tuni na faɗa masa. Na so in ce masa ga abin da tsoron baki ya jawo, sai na ga yadda ya dafa jikin motar ya ɗaga ƙafa ɗaya don ta huta, na haɗiye maganar. Can ya ce, "Su mutanen nawa, an riga an hana su?" Direban ya ce a'a, da sauran wasanni, kuma ba su yi lalacewar da za a fid da rai ba.

Daga ranar Malam ya zama ɗan ƙwallo, irin wanda bai san komai a kanta ba. Duk safiya a bas sai ya zauna kusa da direba yana tambaya. Me ake nufi da kunnen doki, don me za a ba wani maki alhali bai ci ba, wa ya haɗa ƙaramar ƙasa rukuni ɗaya da Faransa, ba a tsoron Allah ne. Wata rana ya tambaye ni ko ya halatta mutum ya yi wa ƙartin da ba sa salla addu'ar cin ƙwallo. Kafin in ba shi amsa ya ce ya warware wa kansa, shi ƙafarsa yake yi wa addu'a, Allah ya san hanyar da zai bi da ita. Na yi dariya, amma ban ji daɗinta ba.

Wasan Finland na ƙarshe da Faransa ne. Ba mu kalla ba, don muna da fita da sassafe. Da muka shiga bas direban bai tsokani kowa ba, bai kunna rediyo ba, ya dai ce, "Baba, sannu da zuwa," yana kallon sitiyari. A nan na gane. Malam ma ya gane. Ya zauna a wurinsa ya juya fuska ga taga, muna wuce gareji da tireloli. Sai da muka fita Sanaiya ya ce, "Faransa," ya yi 'yar dariya ta hanci.

Ni na matsa masa ya je ya ga mudir, manajanmu, ya gabatar da Faransancinsa, ko banza a san yana da shi. Ya je. Aka saurare shi da mutunci, aka ce masa masha Allah, aka ce masu Faransanci sun riga sun isa. Ya dawo ya ce mini, "Ka gani? Tumatir." Abin da ya fi ci mini rai shi ne lissafinsa na kasuwa daidai ne tun farko, kasuwar ce kawai ba ta ci ba. Bayan 'yan watanni Ghana ta fitar da Nijeriya, direban ya samu bakin magana, na yi kwanaki ba na gaishe shi. Malam ya ce yanzu mun zama ɗaya, ni da shi duk marayu ne.

Na ɗauka zai bar Finlanci. Bai bari ba. Na tambaye shi don me, ya ce, "In na bari, me zan yi da safe?" Daga baya ya ƙulla wani sabon zato, siriri kamar zaren gizo. Ya ce ko ƙasa ba ta zo ba, ai 'yan kallo ba sai sun ci wasa ba. Za a samu mutanen Finland masu son kallo. In Allah ya haɗa shi da ɗaya, ya ji yarensa a bakin baƙin mutum mai gadi, zai tsaya. In ya tsaya, Malam zai roƙe shi ya yi masa magana a wurin mudir, ko ya haɗa shi da kamfanin mutanensu masu aikin lif, ko da aikin amsa waya ne. Na san babu abin da zai fito daga nan. Ina jin shi ma ya sani. A lokacin wani ƙurji ya fito masa a ƙasan babban yatsa ya ƙi warkewa, kullum sai ya wanke shi da ruwan gishiri ya naɗe kafin mu fita.

Gasar ta zo. Aka jera mu a hanyar da jama'a ke bi daga tashar jirgin ƙasa zuwa filin wasa, aikinmu mu nuna hanya mu hana tsayawa. Ban taɓa tsayuwa irin ta watan nan ba. Wurina yana kusa da na Malam, ina ganinsa ina jin sa. Duk baturen da ya gani mai farin gashi sai ya ɗan rusuna ya ce, "Tervetuloa," wato barka da zuwa. Jamusawa suka wuce, mutanen Holan suka wuce, 'yan Denmak suka wuce, wani ya ɗaga masa yatsa, wani ya ɗauka sunan ƙofa yake faɗa. Mutanen Ajantina da Meziko kuwa ba sa ma jin kowa sai gangarsu. Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe, yana sauya ƙafa yana jingina da shingen ƙarfe in sufabaiza ya ba da baya.

Wata la'asar, ana tsakiyar gasar, wata mata mai furfura da mijinta suka zo wucewa. Malam ya faɗi kalmarsa. Matar ta yi turus, ta juyo, ta ce wani abu da sauri. Malam ya amsa. Na ga ta kama hannun mijin. Na ce a raina yau dai ga ta.

Malam ya gyara tsayuwa, ya ɗora hannu a ƙirji, ya fara gaisuwa. Ashe ya daɗe da shirya ta, ya juye gaisuwarmu kaf cikin Finlanci ya haddace. Ban ji kalmomin ba amma na san jerin, don sautin bai canza ba. Ina gajiya. Yaya hanya. Yaya aka baro mutanen gida. Ina yara. Yaya sanyin can. Yaya kuka samu zafin nan. Bayan kowace sai ya dakata a amsa, su kuma su amsa da kalma ɗaya suna dariyar mamaki. Mijin ya fito da waya yana ɗauka. Jama'a suka fara taruwa a bayansu, hanya ta fara cushewa.

Na ce da Hausa, da ƙarfi, "Malam, faɗi buƙatarka. Bar gaisuwar nan."

Ko kallona bai yi ba. Shi a tarbiyyarsa ba a tarar baƙo da roƙo tun bai huce gajiya ba, kuma ba a yanke gaisuwa a tsakiya don abin duniya. Ya ci gaba da tambayar lafiyar iyayensu. Sufabaiza ya taho yana tafa hannu yana cewa, "Yalla, yalla," wato a wuce. Matar ta riƙe hannun Malam da hannu biyu ta ce, "Kiitos," wato na gode, wannan kam har ni na sani. Mijin ya ɗaga masa hannu. Taron ya tura su gaba, na bi farin kanta da ido har ya ɓace cikin riguna masu launi.

A bas na kasa riƙe bakina. Na ce shekara kusan uku yana jiran mutum ɗaya, Allah ya kawo masa biyu, ya tsaya tambayar lafiyar kakanninsu. Na faɗi maganganu da yawa, har direban ya ce, "Ya isa, bar Baba." Malam ya bari na gama sannan ya ce, "Sun gane duk abin da na ce. Ka lura? Ba su ce in maimaita ba ko sau ɗaya." Na ce na lura, sai me. Ya ce, "Da ma ko na roƙa, me za su yi mini? Mutane sun zo kallon ƙwallo." Na juya ina kallon fitilun hanya. Washegari ya koma wurinsa ya ci gaba da nuna hanya, amma ban sake jin ya yi wa kowa barka da zuwa ba.

Aka gama gasar, aka kwashe shingaye, gari ya yi shiru kamar gidan da aka watse daga biki. Kamfani ya fara rage mutane, da ma mun san za a yi. Malam bai jira an zo kansa ba, ƙafar ce ta riga su. Wata safiya muna layin shiga bas ya taka matakala ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zauna a ƙasa a gaban sufabaiza da kowa. Aka kai shi asibiti, aka kwance naɗin, likita ya ga abin da muka daɗe muna gani. Ba wanda ya yi masa wulaƙanci. An yi masa magani, an ba shi hutu, an kuma gaya masa cikin ladabi cewa aikin tsayuwa ya fi ƙarfinsa, kuma ba su da wani.

Ranar da zai tafi na taya shi ɗaure kaya. Ba su da yawa. Da muka gama sai ya jawo takalman aikinsa, irin baƙaƙen nan masu nauyi da ake ba mu. Ba nasa na asali ba ne. Ashe tun da ƙafar ta fara girma yake musaya da wasu ƙartin masu gadi 'yan Yuganda, kullum zuwa mafi girma, don kada ya je sito neman canji a tambaye shi dalili. Ya goge su da tsumma ya tura mini.

Na ce, "Me zan yi da waɗannan jiragen ruwa? Ƙafata biyu za su shiga ɗaya."

Ya ce, "Sun yi maka yawa yanzu. Ajiye su dai."

Na ce Allah ya kiyaye, bakin Badamagare ba ya kama Bakano. Ya yi murmushi ya ce amin. Muka rungumi juna a bakin get, direban ya ɗauki jakarsa, Malam ya bi shi a hankali da silifa, ƙafa ɗaya a naɗe.

Yana aiko mini da saƙon murya jefi-jefi. Kullum lafiya lau, alhamdu lillahi, sai gaisuwa mai tsawo, sai ya tambayi kowa a ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Daga bakin wani mutumin unguwarsu da ya zo daga baya na ji an yanke yatsun, kuma babbar 'yar ta bar makaranta tana ɗinki. Shi bai faɗa mini ba, ni ma ban nuna masa na ji ba.

Ni ina nan a get. Ba ni da suga, an gwada. Likita ya ce tsayuwa ce kawai, in riƙa ɗaga ƙafa in na samu dama, na ce masa to. Da zafin bana ya shigo, wata safiya takalmana suka ƙi shiga. Na sassauta igiya, na tura, na buga dunduniya a ƙasa, suka ƙi. Na durƙusa na jawo na Malam daga ƙarƙashin gado, na kaɗe ƙura na saka. Sun yi mini daidai. Na ɗaure igiya na fita, don bas ba ya jira.